Rawar da Saude Ta Yi Ba Kiɗa

Ranar wata Laraba ce, sati biyu bayan Babbar Salla, shekarar da na cika goma. An sallame azahar, Jidda ta kwanta irin kwanciyar da takan yi a wannan lokaci: an ja ƙofofin shaguna, kuliyoyi sun shige ƙarƙashin motoci, iskar teku ta tsaya cak, sai danshi mai manne wa mutum riga a baya. Inna ta aike ni saman gida in kwaso shanya kafin rana ta cinye launin kayan mutane. Na hau matakala ba takalmi, ina ɗaɗɗage ƙafa saboda zafin siminti. Ina kaiwa bakin ƙofar sama na ja na tsaya. Saude, yarinyar da aka kawo mana riƙo, tana can tsakanin igiyoyi biyu tana rawa ita kaɗai. Ba kiɗa, ba waƙa, ba mai tafa mata. Ta lanƙwasa gwiwa, ta ɗaga hannu ta haɗa yatsu biyu, kanta yana zamewa hagu da dama alhali kafaɗunta ba su motsa ba, kamar an ɗora shi ne a kan faifai. Idonta na kan wani abu a gefenta, tana yi masa murmushi, ita da ba mu taɓa ganin haƙoranta ba. A gefen nan kuwa babu komai sai farin zanin gado da ni na shanya shi da hannuna da safe. Daga bayan zanin nan na ji ƙarar: cas, cas-cas, cas, irin ta 'yan ƙananan ƙararrawa, tana tafiya daidai da takun yarinyar. Na dubi ƙafar Saude, babu ko zare a ɗaure. Na dubi zanin, ko motsi bai yi ba. Taku uku ne tsakanina da shi, amma ban ɗaga ba. Na sauko na ce wa Inna kayan ba su bushe ba, a ranar da ko dutse aka jiƙa zai bushe. Wannan ce ƙarya ta farko da na taɓa yi mata.

Gidanmu yana can cikin lungunan bayan unguwar Sharafiyya, ɗaki huɗu da ɗan tsakar gida da ba ya ɗaukar tabarma uku. Kakata, mahaifiyar Baba, wadda kowa ke kira Iya, tun tana goye aka zo da ita aikin Hajji ta ƙasa, ba ta sake komawa ba. Baba dako yake yi a Tashar Jiragen Ruwa, ya fita da asuba, ya dawo da azahar kafaɗarsa fari fat da garin buhu, ya ci abinci ya kwanta har la'asar. Inna kuwa wanki take karɓa daga gidajen Larabawa, tana kuma soya gyaɗa ana ƙullawa a takarda. Ni ban ga ƙofar makaranta ba. Makarantata ita ce baho da igiya da dutsen guga, da tsayuwa a bakin lungu ina jiran mai ruwa ya zo da garwoyinsa biyu a kan sanda. A ɗakin baya akwai wasu mata biyu da suka zo umara suka zauna, ba su da iƙama, wato takardar zama. Saboda su aka horar da mu da shiru tun kafin mu iya wanke hannu. Ba a kiran suna da ƙarfi a gidanmu, ba a buga ƙofa, ko wasan 'yar carafke muke yi sai an shimfiɗa tsumma don kada duwatsun su yi ƙara. Iya takan ce, “Gidan da ya iya shiru shi ke kwana da mutanensa.”

A cikin wannan gida bidiyo ya shigo. Wata Balarabiya da Inna ke yi wa wanki ce ta sayi sabo, ta ba ta tsohon tare da ƙaramin talabijin mai akwatin katako. Baba ya zagaya abin sau biyu, ya ce ba zai hana ba, amma da sharaɗi: ba ya son ya ji kiɗa a gidansa, kuma ba ya son maƙwabta su ji. A gabansa Iya ta kama ɗan maɓallin da ake murɗawa a ƙara murya, ta murɗe shi ƙasa, ta fizge shi daga jikin talabijin, ta ƙulle a haɓar zaninta tare da goro. Shi ke nan. Shekara biyu muka yi muna kallon finafinan Indiya ba mu taɓa jin muryar ko mutum ɗaya a ciki ba. Kaset yana yawo gida-gida a naɗe cikin zanin goyo, kuma sai Baba ya kwanta ake sawa. Ni aka ɗora wa zama a bakin ƙofa, ido ɗaya a talabijin, kunne ɗaya a ɗakinsa, in ya yi tari in ɗaga hannu. Tun daga nan aka ce ni mai ido ce, kuma har yau ban sauke wannan aiki ba. Ku tambayi surukaina.

In mutanen cikin akwatin suna magana, Iya ce bakinsu. Ta raɗa musu sunaye, akwai Mai Gashin Baki, akwai Ɗan Lele, akwai wata uwa da kullum take kuka wadda ta sa wa suna Hawaye-ba-haya. Mutum zai durƙusa gaban budurwa yana zuba zance, Iya ta ce, “Cewa yake ta ranta masa albasa.” Mu toshe baki da gyale muna dariya. Amma da zarar an fara rawa sai Iya ta yi shiru, don a nan ba ma bukatar tafinta. Rawar ita ce wurin da fim yake faɗa mana gaskiyarsa. Mace za ta yi ta sunkuyar da kai gaban iyayenta kamar ba ta san komai ba, sai ka gan ta can a kan tsauni cikin ruwan sama tana juyi, ka san inda zuciyarta take. Mun ga wadda ta yi rawa a gaban azzalumi, ƙafarta na jini, kuma ba wanda ya gaya mana cewa ran wani take roƙo, mun gani a hannuwanta. Amarya ma takan yi rawa baki na dariya gira na kuka, Inna ta ce wannan ba angon take so ba, kuma ya zamana haka ne. Abin da suke jin kunyar faɗa da baki shi suke faɗa da wuya da ido da diddige. Sai dai kallon rawa ba sauti yana da wani abu da ban san sunansa ba. Mutum hamsin suna buga ƙafa lokaci guda, ganguna na shan duka, bakuna a buɗe, kai kuma ba abin da kake ji sai kukan fanka da ɓarar gyaɗa. Wani lokaci sai in ga kamar ba murna suke ba, kiran mu suke daga ƙarƙashin ruwa.

Saude ta zo mana wata biyu kafin ranar da na faɗa. Shekararta bakwai. Uwarta ta zo umara da ita ta zauna, tana aikatau a wani gida a unguwar Aziziyya. Gab da Hajji akan tsananta kamen marasa takardar zama. Wata safiya matar ta fita sayen burodi, ba ta dawo ba. An ce an gan ta a cikin motar masu kame, an ce an sa su a jirgi. Wata maƙwabciyarsu ce ta riƙo hannun yarinyar har gidanmu, don ta ji asalin Iya da na uwar yarinyar gari ɗaya ne. Ta ce mana da can Saude aku ce wajen surutu. Mu dai ba mu ji ba. Tana ci in an ba ta, tana shara in an miƙa mata tsintsiya, amma ko tari ba ta yi da sauti. Da farko ma an yaba, an ce ta dace da gidan. Sai Iya ta lura kullum in azahar ta yi yarinyar takan ɓace, ta dawo tafin ƙafarta jawur. Azahar kuwa a wurin Iya ba lokacin mutane ba ne. Ba a zubar da ruwan zafi, ba a tsayuwa a bakin rariya, ba a hawa sama sai da bisimilla. Ta ja ni gefe ta ce, “Dije, ke ce mai ido. Sa mini shi a kan yarinyar nan.” Na sa, na gani, na kuma ji. Kwana shida ina hawa a ɓoye, kullum akwai farin zani a igiya don wanki ba ya yankewa, kullum ƙarar tana fitowa daga bayansa. Ban faɗa ba, don ban san da wane baki zan faɗa ba.

Ranar Alhamis ta sama aka kawo sabon kaset daga wani gida, wanda ba mu taɓa gani ba. Muna zaune an rage labule, Saude na can gefe da tiren gyaɗa. Wajen tsakiyar fim aka nuno wani kango da hazo, wata mace cikin fararen kaya ta fito daga bayan ginshiƙi. Saude ta ɗaga kai ta kalla sau ɗaya. Ta ajiye tire, ta miƙe, ta juya wa talabijin baya, ta rufe ido. Sai ta ɗaga hannu, matar cikin akwatin ta ɗaga. Ta zame wuya, matar ta zame. Ba bin matar take ba, ku fahimce ni, matar ce ke bin ta. Duk abin da Saude ta yi, sai bayan numfashi ɗaya a yi shi a cikin gilashi. Ta durƙusa ta miƙa hannu biyu kamar mai kiran wani daga nesa, mai fararen kaya ta durƙusa ta miƙa. Ɗaya daga cikin matan ɗakin baya ta fara karanta Ƙul a'uzu a cikin gyalenta. Inna ta rarrafa ta fizge waya daga bango. Hoton ya mutu, amma Saude ba ta tsaya ba, sai da ta kai rawar nan ƙarshenta a gaban baƙin gilashi, ta juya sau uku, ta koma ta ɗauki tirenta.

Iya ba ta ɗaga murya ba. Ta tura yarinyar tsakar gida, ta ce, “Ba a rawa sai da makaɗi. In ba ka gan shi ba, yana nan.” A lissafinta, mu muka jawo. Shekara biyu mun toshe wa mutanen akwati baki, suna ta kira ba a amsa musu, kuma duk abin da aka toshe wa ƙofa zai nemi taga. Sun sami yarinya wadda bakinta ke rufe, zuciyarta ba kowa, sun shiga. Babu macen da ta musa, don maganar ta zauna daram. Sannan ta juyo kaina ta ce in faɗi abin da na gani a sama. Na faɗi rawar. Da na tsaya nan da wataƙila an ce ƙuruciya ce. Amma Iya ta ƙura mini ido, ta ce, “Saura.” Sai na faɗi ƙararrawar, na faɗi zanin. A take aka yanke cewa ranar Asabar za a kai Saude wurin wata mata da ke can bayan gari wajen duwatsu, mai cire iska da hayaƙin barkono da tsumagiya. Mun san matar. Akwai wata yarinya a lungunmu da aka taɓa kai mata. Wata biyar ta yi, ta dawo ba ta iya haɗa ido da ko kaza. Wasu ma ba sa dawowa, sukan zauna can suna yi mata ɗiban ruwa. Na fita tsakar gida na tarar da Saude ta ware mini gyaɗar da ta fi girma a gefen tire, kamar yadda take yi kullum. Ban iya ci ba.

Tafiyar tana bukatar mota, mota kuma sai Baba ya roƙi wani abokin aikinsa, don haka dole aka gaya masa ranar Juma'a bayan ya dawo masallaci. Baba ba mutum ne mai sauƙi ba. Ban taɓa ganin ya yi wasa da yaro ba. Ya saurari Iya har ta gama, kansa a ƙasa. Ya sa aka kira ni na maimaita. Sannan ya gyara zama ya durƙusa sosai gaban mahaifiyarsa, ya ce, “Iya, a yi mini aron abin da ke haɓar zaninki.” Iya ta ce, “Kai da bakinka ka hana.” Ya ce, “Ni na hana. Amma ina aiki da mutanen Indiya a tasha, suna cin shinkafa suna ciwon baya kamar kowa. Kafin a ɗauki 'yar mutane a kai ta inda za a dake ta, bari mu ji abin da matar nan take cewa.” Iya ta daɗe kafin ta kwance ƙullin. Maɓallin ya yi ja da goro. Baba ya sa na rufe tagogi, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, matan ɗakin baya suka sa takalmansu don ko ta kwana. Ya mayar da kaset wurin kangon, ya danna maɓallin a gurbinsa, ya yi bisimilla, ya murɗa kaɗan.

Abin da ya fara fitowa ba ganga ba ce, ba kuma murya ba. Cas, cas-cas, cas. Na san wannan ƙarar daga saman gida. Ita ce, babu ragi babu ƙari, har da ɗan tsayawar da take yi bayan taku na uku. Ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa jin sautin fim ba. Sai muryar mace ta biyo baya, siririya, mai tsayi, irin wadda ban san maƙogwaron ɗan Adam yana iya yi ba. Saude tana bakin ƙofa a rakuɓe. Na ga leɓenta ya motsa. Murya ta fito a dishe kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba, sannan ta washe, ta kama waƙar nan da yaren da ba wanda ya sani a cikinmu, kalma bayan kalma, ba ta yi tuntuɓe ba. Ba ta yi rawa ba wannan karon. Tana kaiwa wurin da matar ke durƙusawa ta miƙa hannu, sai waƙar ta tsinke a bakinta, ta ce, “Umma,” da Hausa, ta fashe da kuka mai sauti, irin wanda ba a taɓa yarda wani yaro ya yi a gidanmu ba. Babu wanda ya ce mata ta yi shiru. Iya ce ta jawo ta ta kwantar da kanta a cinya.

A hankali, cikin kwanaki, zancen ya fito. Gidan da uwarta ke aiki na wani ɗan Indiya ne mai shagon yadi. Matarsa ba ta da kaset da take so kamar wannan, kullum da azahar sai ta sa, su kuma suna kallo daga ƙofar kicin har suka haddace. In sun hau sama shanya, uwar takan kwaikwayi rawar don ta ba 'yarta dariya, ita a bayan zani, Saude a gaba. Shi ya sa take hawa sama da azahar: a ganinta in ta yi nata rabin daidai, uwar za ta fito ta yi nata. Da Iya ta ji haka ta ce a manta da zancen Asabar, ta kuma ce, “Makaɗin yana nan, ashe a cikin kanta yake.” Kowa ya samu natsuwa da wannan, har ni aka yi wa dariya, aka ce rana ce ta buga mini kai. Na bari sai da muka zauna mu biyu muna guga, na tambayi Saude ko uwarta tana da sarƙar ƙafa. Ta ce matar gidan ta ba ta wata tsohuwa mai ƙararrawa, kuma da ita a ƙafarta ta fita sayen burodin. Na ce, a saman gidanmu fa? Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwan teku da gishiri. Ta ce, “Ai ke ma kin ji.” Baba ya yi ta ba alhazai masu komawa saƙo shekara da shekaru, da sunan matar da sunan garinsu. Ba wanda ya taɓa dawo mana da labarin an gan ta, a raye ko a mace.

Saude ta girma a ɗakinmu, daga gidanmu aka kai ta ɗakin miji, yau tana da jikoki tara, kuma ba mai iya rufe mata baki a taron suna. Ba ta sake rawa ba, ko a bikinta. Maɓallin nan Iya ba ta sake cire shi ba, amma ba mu cika murɗa shi ba. Mun riga mun saba. An rushe lungunmu, wurin da gidan yake yanzu mota ke fakawa. Jikokina suna da finafinan Indiya a cikin waya, da launi, da fassarar Larabci a ƙasa, sun san abin da kowa ke cewa, ba sa bukatar wata Iya ta ranta musu albasa. Sai dai kowannensu ya toshe kunnensa da nasa abin ji. In na shigo falo da azahar nakan tarar da su a jere, kawuna na kaɗawa, ƙafafu na bugawa, ba sautin komai sai kukan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Nakan tsaya a bakin ƙofa in daɗe ina kallonsu. Suna cewa Jadda, wato kaka, ta fiye sa ido. In ce musu yalla, maza a tashi a yi salla, su tashi suna gunaguni da Larabci. Ba su san me nake saurare ba. Da ana mayar da mutum shekara goma na yini ɗaya, ba abin da zan roƙa sai taku ukun nan. Har yau ban sani ba ko tsoro ne ya hana ni ɗaga zanin, ko kuwa ladabi.